Harafi Ɗaya Tsakanin Kebbe da Kebbi

Sunan da nake amsawa a takarda ba ranar suna aka raɗa mini shi ba. A makarantar sakandare ta kwana a Tambuwal na same shi, ranar farko, daga bakin wani malami da kiran rajista ya gajiyar. Ya kira suna, mu huɗu muka miƙe. Ya ƙara da sunan uba, babu wanda ya zauna a cikinmu. Ya cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku fuɗu duk uba guda ya haife ku?"

Aji ya fashe da dariya. Sai ya tambayi kowa garinsu, yana rubutawa. Na farko ya zama Jabo, na biyu Sanyinna, na uku Dogon Daji, ni kuma na zama Kebbe. Haka ake yi a wajenmu. Sunayen yanka kaɗan ne, mutane suna da yawa, don haka sai gari ya biyo bayan suna ya raba gardama. Daga ranar nan Kebbe ya hau kan duk wata takarda tawa ta makaranta, har zuwa jami'a.

Kebbe gari ne a kudancin jihar Sakkwato. Kebbi kuwa jiha ce, maƙwabciyarmu. Mu ba mu taɓa rikita su ba, kamar yadda mutum ba ya rikita ƙofar gidansu da ta maƙwabta. Sai da na shiga jami'a na gane cewa mafi yawan mutanen da ba na yankinmu ba ɗaya kawai suka sani, kuma ba tamu ba ce.

A jami'a akwai ƙaramin gidan rediyo na ɗalibai, ɗakuna biyu ne a bayan sashenmu. Nan na tare tun shekarata ta farko. Na shiga da "nika" da "fuɗu" da "wanga", malamin da ke horar da mu ya yi ta kankare su har na koma "ina" da "huɗu" da "wannan". Aikina shi ne in karɓi labarai da Turanci, in mayar da su Hausa, in karanta da rana. Doka ɗaya ya kafa mana, yana maimaita ta kullum kafin a kunna jar fitila: kada ka ƙara, kada ka rage. In labari ya ce ana zargi, kada ka ce an tabbatar. In ya ce wasu, kada ka ce kowa. Na riƙe dokar nan har ta zame mini hali. Nakan gyara wa mutane magana a wurin cin abinci, abin da bai ƙara mini abokai ba.

Amma ban taɓa zama cikin natsuwa a jami'ar ba. Akwai ɗakin kwamfuta a saman laburare, mai intanet kyauta ga ɗalibai, kuma da zarar na fito daga aji can nake nufa. Nakan buɗe shafukan jami'o'in ƙasashen waje in yi ta kallon hotunan ɗakunan karatunsu, ina karanta sharuɗɗan shiga kwasa-kwasan da ban cancanta ba. Daga nan in sauko in tsaya gaban allon sanarwa na ofishin hulɗa da jami'o'in waje. Na san takardun da ke jikin allon nan kamar yadda manomi ya san kunyoyin gonarsa. In an cire ɗaya ko an ƙara ɗaya, daga nesa nake ganewa.

A shekarata ta uku aka liƙa wadda ta dace da ni. Wata jami'a a ƙasar waje tana neman ɗalibai su je su yi wata uku suna koyon aikin rediyo cikin harsunan gida. Za su ɗauki nauyin komai. Ana son sakamakon jarrabawa, da wasiƙar malami, da muryar ɗalibi yana karanta labarai. Na ɗauki muryata sau goma sha wani abu kafin in yarda da ɗaya. Na tura. Na yi fasfo tun kafin amsa ta zo, don ban iya jira hannu rabbana ba. Da amsar ta zo, mu uku aka ɗauka daga jami'armu, ina cikinsu.

Mai kula da ofishin hulɗar wata dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, mace mai ƙarancin magana da yawan lura. Ta ce kowannenmu ya kawo takardunsa ta duba kafin a nemi biza. Na kai nawa cikin jaka sabuwa. Ta jera su a kan tebur, takardar gayyata a hagu, fasfo a dama, sauran a tsakiya. Ta bi su da bayan biro, layi bayan layi. Sai biron ya tsaya.

"Kai ɗan ina ne?"

"Kebbe, Hajiya."

"Ta Sakkwato?"

"Ita."

"To wane ne wannan?"

Ta juyo mini da fasfon. Hotona ne, da hular da na aro. A gefensa sunana, da na mahaifina, sannan Kebbi. Na daɗe ina kallon harafin ƙarshe. Mako uku fasfon yana hannuna. Na buɗe shi ya fi a ƙirga, na nuna wa abokai, amma kullum hoton nake dubawa. Mutum ba ya karanta sunansa, ganinsa kawai yake yi ya wuce.

Hajiya ta ce in fito da katin zama ɗan ƙasa, don daga shi fasfo ke kwafo suna. Shi ma Kebbi. A nan na tuna. A shekararmu ta farko an zo yi wa ɗalibai rajistar katin a cikin jami'a. Layi ya yi tsawo, lokacin karanta labaraina ya gabato, sai na rubuta wa abokin ɗakina bayanaina a takarda, na miƙa masa fom ɗin na ce ya cike mini, ya riƙe mini wuri. Na dawo na dangwala yatsu, aka ɗauki hoto, na sa hannu ban duba ba.

"Takardar gayyata ta ce Kebbe, fasfo ya ce Kebbi," in ji Hajiya. "A wurin masu ba da biza mutum biyu ne. Kwana goma sha biyu suka rage a rufe karɓar takardu."

Na tambaye ta mafita. Ta ce biyu ce. Ko a gyara katin, sannan a gyara fasfon, wanda zai ci watanni. Ko kuma in je kotu a yi takardar rantsuwa cewa na canza suna zuwa Kebbi, mahaifina ya shaida, sai ta roƙi jami'ar can ta sake takardar gayyata da sabon sunan.

"Ta biyun ce kawai za ta kai ka jirgi," ta ce. "Ka je gida."

Na tarar da abokin ɗakina, ɗan Kano ne, yana shanya wanki a bayan masaukin ɗalibai. Na miƙa masa fasfon.

"Ka sake kawo mana hoton nan ne? Mun gani, ka yi kyau."

"Karanta sunan."

Ya karanta. "To, me ya faru?"

"Kai ka cike mini fom ɗin katin ɗan ƙasa. Me na rubuta maka a takarda ka kwafa?"

Ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta washe. "Af, na tuna! Ka rubuta Kebbe, na gyara maka. Har na ce a raina, Sakkwatawan nan ko sunan jiha ba su iya rubutawa ba."

"Ba jiha ba ce. Garinmu ne."

"Haba mutumina. Shekara uku kana ce mini Kebbe, na ɗauka irin Hausarku ce, kamar yadda kuke cewa fuɗu."

Ya fara dariya, ya ga ban taya shi ba, ya daina. Na faɗa masa abin da Hajiya ta ce. Ya tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa na ɗiga a kan silifas ɗinsa. Ban zage shi ba. Abin da ya yi mini shi nake yi wa mutane kullum a wurin cin abinci.

Washegari da sassafe na shiga motar Tambuwal. Damina ce, gero ya kai gwiwa a gefen hanya. Ban iya kallonsa ba, sai lissafin kwanaki nake yi ina sakewa, kamar za su ƙaru. A Tambuwal na sauka na fara zuwa kotu don in san abin da ake bukata. A ƙofar kotun akwai wani mai buga takardu a cikin rumfa, da kwamfuta da injin bugawa. Kafin in gama bayani ya katse ni.

"Canjin suna ne. Muna da shi a shirye, suna kawai za a sa. Ka zo da tsohonka gobe."

Daga nan na hau babur zuwa Kebbe. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, muna kauce wa kududdufai da garken shanun da ke ƙetarawa. Na isa bayan azahar. Inna ta ce Baba yana gona.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake cewa, ko "wancan" in yana magana da wani a kaina. Manomi ne mai 'yan shanu, ya yi karatun allo da na littattafai, bai yi boko ba. Rediyonsa ba ta rabuwa da shi, a reshen bishiya yake rataye ta in yana noma. Tashar jami'armu ba ta kaiwa Kebbe, amma in na zo hutu nakan kunna masa labaran da na karanta a wayata. Yakan saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ita ce yabo mafi girma da na taɓa samu daga gare shi.

Na same shi a duƙe yana maimai, noma na biyu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya jingina da ƙotar hauya.

"Lafiya? Mi ya kawo ka tsakiyar karatu?"

Na ce masa an samu kuskuren rubutu a takardun tafiyata, ana son ya zo kotu a Tambuwal ya shaida ni ɗansa ne. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma na rage, kuma na san na rage.

Ya dubi sauran kunyoyin da bai kai ba, ya dubi sama. "Ciyawa ba ta jira. Amma mu je gobe mu dawo da wuri."

Na karɓi hauyar na ƙarasa masa kunya biyu, hannuna ya yi bororo. Na manta rabon da in yi noma.

Da safe muka hau babur ɗaya, shi a tsakiya ni a baya, ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tattare ta a cinya saboda taɓo. A rumfar mai buga takardu aka sa sunayena a gurbin da aka bari, inji ya turo takarda da ɗuminta. Na karanta ta a tsaye. Da Turanci take, ta ce shi mahaifina yana rantsuwa cewa ɗansa, wanda a da aka sani da Kebbe, ya bar wannan suna da son ransa da kuma sanin mahaifinsa, daga yau yana so a san shi da Kebbi.

Da na ɗago ban ga Baba ba. Can na hango shi a bakin famfo, ya tuɓe takalma yana alwala. An gaya masa za a ba shi Alƙur'ani ya riƙe. Ya yi ta a tsanake, yana tsefe gemu da yatsu, sannan ya dawo ya zauna a kan bencin baranda, ruwa na sheƙi a goshinsa. Ya nuna takardar da haɓa.

"Karanta min ita da Hausa. Awa yadda kaka karanta labaru."

Babu wanda ke kusa da mu. Mai buga takardu ya koma kan wani aiki. Mai karɓar rantsuwa yana ciki, kuma na ga yadda ake yi da waɗanda suka riga mu: ya tambaya ko an fahimci abin da ke cikin takarda, a ce e, a ɗaga Littafi, a sa hannu, a buga hatimi. Abin da zan faɗa wa Baba a kan bencin nan shi ne kaɗai abin da zai sani. Jimlar ma ta riga ta haɗu a bakina: takarda ta ce wanda aka rubuta Kebbe da wanda aka rubuta Kebbi mutum ɗaya ne, ɗanka ne. Jimla ce mai kyau, gajera, kuma gaskiya ce. Illarta ɗaya, ba ita ce a takardar ba.

Na gyara murya. Na fara da sunansa da garinsa, muryar rediyo ta fito da kanta, irin wadda ba ta sauri ba ta rawa. Ya sunkuyar da kai ya karkato kunne, daidai yadda yake yi wa rediyonsa a gona. Ban san ko tsoron Allah ne ya riƙe ni ba, ko kuwa shekara uku na horo. Na fi zaton horon ne, don ban ji na yanke wata shawara ba. Na iso layin, bakina ya fassara shi yadda yake.

"Wanda a da aka sani da Kebbe, ya bar wannan suna da son ransa da kuma sanin mahaifinsa."

"Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

"Yaushe ka bari?"

"Baba, magana ce ta takarda. Haka ake rubutawa."

"Ni ban ji ranar da ka bari ba. An ce da sanina. Ina nike?"

"Harafi ɗaya ne fa, Baba. Kuma sunan nan ba kai ka raɗa mini ba. Wani malami ne a sakandare, a nan garin ma."

"Ba sunan nika ji ba. Ko Jabo sunka kira ka, kai ne. Amma wagga takarda ta ce an yi wani abu, kuma ba a yi shi ba. Kuskure anka yi, kai da bakinka ka ce min jiya. In riƙa Alƙur'ani in ce ba kuskure ba ne, niyya ce?"

Na yi masa bayanin kwanakin da suka rage, da watannin da gyara zai ci, da mutum nawa suka nema aka ɗauki uku. Na yi magana da sauri, Hausar rediyo ta zube, na koma irin ta gida ban sani ba. Ya bar ni na gama.

"Ina son ka tafi," ya ce. "Kawo wadda ta faɗi abin da ya faru, in rantse sau goma."

Na tashi na yi tafiya har bakin titi na dawo. Na sake yi. Motocin da ke zuwa birni suna wucewa, kwandastoci na kira. A dawowa ta uku na ciro biro, na juya bayan takardar, na rubuta jimla uku da Hausa: cewa ni ɗansa ne, cewa wanda aka rubuta Kebbe a takardun makaranta da wanda aka rubuta Kebbi a fasfo mutum ɗaya ne, cewa Kebbe ne daidai, ɗayan kuskuren rubutu ne. Na karanta masa. Ya ce, "To."

Mai buga takardu bai ji daɗi ba.

"Malam, ba haka ake yi ba. Kowa waccan yake sa wa hannu. Jiya ma mutum biyar."

"Wannan nake so."

"Kai ne lauyan ko ni? Baba, ka yi masa magana, zai ɓata wa kansa tafiya."

"Buga mai abin da ya ce," in ji Baba. "Ciyawa na jirana."

Na mayar da jimlolin Turanci, aka buga. A ciki mai karɓar rantsuwa ya karanta, ya dube mu ta saman tabarau, ya miƙa wa Baba Littafi. Baba ya rantse, ya sa hannu da ajami, aka buga hatimi. A tasha ya hau babur ɗin Kebbe, ni na shiga motar birni. Ya ce Allah ya sa albarka. Na amsa da amin, amma ban dube shi ba.

Hajiya ta karanta takardar sau biyu.

"Ka san abin da ka kawo mini? Shaida ce da hatimin kotu cewa fasfonka na ɗauke da kuskure."

"Na sani, Hajiya."

"Tsohon ne ya ƙi?"

"Ni na karanta masa."

Ta dube ni, ta ajiye takardar a gefe. Ta ce in je laburare in nemo taswirar da ta nuna garin Kebbe da jihar Kebbi a shafi ɗaya. Ma'aikacin sashen taswira ya ciro mini wata babba daga dogon aljihun ƙarfe, muka shimfiɗa ta a tebur. Ga su nan kusa da juna, ɗaya da manyan haruffa, ɗaya da ƙanana ƙwarai. Na ɗauki hoto, na zagaye su da ja. Hajiya ta haɗa da wasiƙarta ta tura.

Kwana huɗu na yi ina hawa da sauka tsakanin ɗakin kwamfuta da ofishinta. Na shiga aji ban ji abin da aka ce ba. A ranar ta uku na karanta labarai na yi tuntuɓe sau biyu, malaminmu ya ƙwanƙwasa gilashi. A ta huɗu amsa ta zo, cikin ladabi. Sun ce sun fahimta, sun kuma gode da taswirar. Amma ba za su iya ba da takardar gayyata a kan fasfon da mai shi ya ce ba daidai yake ba. In na gyara, za su ajiye mini gurbi a zagaye na gaba.

Sauran biyun suka tafi. Muna da zaure ɗaya a waya da aka buɗe tun muna mu uku, ba su cire ni ba, ni ma ban fita ba. Na ga hoton jirgi, da na ɗakin da aka ba su, da na ɗakin watsa shirye-shirye mai makirufo shida. Nakan buɗe hoton nan in ƙara girmansa da yatsu har ya dushe. Abokin ɗakina ya daina tsokanata da Sakkwatanci gaba ɗaya, abin da ya fi tsokanar ciwo. Wata rana na dawo na tarar ya rubuta KEBBE da alli a jikin ƙofar ɗakinmu, ya ja layi biyu a ƙarƙashin harafin ƙarshe. Na ce masa ya makara da shekara uku. Ya ce Bakano ba ya makara, sai dai ya zo da nasa lokacin. Ranar muka koma cin abinci a kwano ɗaya.

Hutun da ya biyo baya ban je gida ba. Na ce ina bin gyaran takardu, kuma gaskiya ne, amma a nan ma na rage. Haushin Baba nake ji. In na kwanta nakan sake karanta masa takardar a raina, wannan karon da ɗaya jimlar, in ga kaina a jirgi. Daga baya haushin ya juyo kaina, don shi bai hana ni komai ba. Tambaya ya yi, ni na ba da amsa.

Gyaran ya ci wata bakwai, katin tukuna, sannan fasfon. Ranar da na karɓa ban dubi hoton ba. Na kai wa Hajiya, ta bi shi da bayan biro har ƙarshe, biron bai tsaya ba. Ta rubuta wa jami'ar can. Suka amsa cewa gurbina yana nan, sai dai a wannan zagayen ba za a yi tafiya ba, ta intanet za a yi kwas ɗin.

Na yi shi a ɗakin kwamfutar nan na saman laburare, a kujerar da na saba zama ina kallon hotunan ƙasashen waje. Hajiya ta sa aka ware mini ita da abin sawa a kunne, rana uku a mako. Kwas ne mai kyau, ba zan rage masa ba. Na koyi yadda ake haɗa shiri, da yadda ake yi wa mutum tambaya a bar shi ya gama. Na yi aiki tare da ɗalibai daga ƙasashen da ban taɓa jin harsunansu ba. In wuta ta ɗauke sai in jira janareta, in dawo in tarar an wuce ni da shafi biyu.

A ranar farko malamar kwas ɗin ta bi sunayenmu a allon kwamfuta tana kira. Nawa yana rubuce daidai, na duba shi tun kafin a fara. Da ta iso kaina ta ce, "Kebbi."

Na buɗe makirufo na faɗa mata yadda ake faɗa. Ta yi murmushi, ta ba da haƙuri, ta maimaita a hankali: "Kebbi." Na sake faɗa. Ta sake gwadawa, abu ɗaya ya fito. Kunnenta ba ya jin bambancin. Na ce mata ya yi daidai, muka ci gaba.

Bayan an gama na je gida, lokacin an yi girbi. Na tarar da Baba a ƙofar gida yana ɗaure dammunan gero. Bayan gaisuwa ya ce, "Karatun nan na waje, an yi shi?"

"An yi, Baba. Ta kwamfuta."

"Ba ka tafi ba ke nan."

"Ban tafi ba."

Ya ja igiya ya ƙulle damin. Sannan ya tambaya ko fasfon yana tare da ni. Na ciro na ba shi. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk farare, babu hatimin kowace ƙasa.

"Nuna min shi."

Na ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin. Ya kawo fasfon kusa da ido, ya nisantar, ya sake kusantowa.

"Wanga ɗan abu?"

"Shi ne."

Ya miƙo mini. "Adana shi da kyau. Kama min wancan damin."

Na kama, muka ɗaga tare zuwa rumbu. Kwana biyu na yi a gida. A rana ta uku na ce ina da abin dubawa a makaranta, na hau babur zuwa Tambuwal. An ce za a liƙa sabuwar sanarwa a allon ofishin Hajiya a farkon mako, kuma ina so in riga kowa ganinta.